Ingilishin da ake sayarwa a Accra

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna, ga amsar tambayarka game da babban yaronka: tunda ya ci BAK, jarabawar gama sakandare, a turo shi nan ya koyi Ingilishi, ko ya zauna Maradi ya shiga kwas na yamma? Na jinkirta ne don sai da na taka da ƙafata na duba, kada in kawo maka zancen 'yan kamasho.

A garin nan, da tsofaffinmu ke kira Ankara, Ingilishi haja ce kamar atamfa a kasuwar Makola. Ka ratsa Alajo ko New Town, allunan makarantu ne birjik, yawanci da Faransanci aka rubuta su, domin mu ake yi wa talla: mu da 'yan Kodebuwa, Burkina, Mali, Gini har da Gabon. Akwai kuma tsohuwar ta gwamnati, Ghana Institute of Languages, wadda aka kafa zamanin Nkrumah a 1961, yanzu ta koma ƙarƙashin jami'ar UniMAC, tana Adabraka, da rassa a Kumasi da Tamale.

Ka tuna yadda mushe ya koya mana a sakandare, tun daga CEG har lise. Ya cika allo da jerin kalmomin aikatau, mu haddace kamar masu biya hadda, a yi jarabawa, a manta. Shekara bakwai, amma ranar da na sauka tashar Circle ko kuɗin ruwan leda na kasa tambaya. Makarantu masu kyau a nan sun bar wannan hanya. Na roƙi wata malama ta bar ni na zauna bayan ajinta. Ta zo da sabulu da gwangwanin madara da ƙullin sukari ta jera a tebur, ta haɗa ɗalibai bibbiyu, wannan mai shago, wancan mai saye, ta ce a yi ciniki. Wani dogon saurayi ɗan Zinder yana gumi yana neman yadda zai ce a rage masa, bakinsa ya suɓuce da Faransanci, aji ya kwashe da dariya, ya ciro sidi ɗaya ya jefa a gwangwanin tara da ke bakin taga. Abin da ya burge ni, ba ta katse kowa tana gyara. Tana gefe tana rubuta kurakurai a 'yar takarda, sai ƙarshe ta kawo su allo ba tare da ta ce na wane ne ba. Nahawu yana nan, amma bayan magana yake zuwa.

Aikin gida kuwa a waya ne. Kowane dare ɗalibi zai aika saƙon murya na minti guda a rukunin WhatsApp, ya faɗi yadda ya wuni. Wasu na bin Duolingo, wasu na hira da ChatGPT yana gyara musu. Wannan ɓangaren dai, Yaya, ko a ƙofar gidanka zai iya yinsa in akwai kiredi da wuta, bai kai a biya masa kuɗin mota ba.

Ba duka ne haka ba. Ni kaina an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Na biya kuɗin wata uku a wata makaranta, ɗaki biyu a saman shago, da alkawarin zan fito ina magana kamar ɗan Ingila. Mun fi ƙarfin kujerun, fanka ɗaya, malamin kuma da ya ga mun yi zuru sai ya juya bayanin zuwa Faransanci. Ƙarshe aka ba ni takarda mai ruwan zinariya a gefe, tana ƙasan akwati har yau. Jami'o'in waje jarabawar Ingilishi ta IELTS ko TOEFL suke tambaya. IELTS makinta tara ne, sakamakon kuma shekara biyu yake aiki, ana rubuta ta ta hannun British Council a nan. Kada yaro ya rubuta tun bai san inda zai nema ba, kuɗinta ba na wasa ba ne.

Amma babban tarkon shi ne Nima, unguwarmu. A nan mutum zai yi shekara goma bai buƙaci Ingilishi ba, ga ni shaida. Mai wake da shinkafa, mai koko, mai gyaran waya, Dagomba ne ko Kotokoli ko Bazabarme, da Hausa za ku gama. Hausar ce ma irin tasu, wadda za ka ji an ce «matata ya tafi kasuwa» kuma ba wanda ya yi dariya. Ka fita ka hau trotro, motar haya, Twi ne da buroka. A ɗakunan ɗalibai kuma kowa Faransanci. Na san yaron da ya yi wata tara ya koma gida da Faransancin Abijan tsab, Ingilishin kuwa sai gaisuwa. Awa uku a aji ba ta rinjayar awa ashirin da ɗaya a zango.

Su kansu 'yan ƙasa ba su gama shawara kan yaransu ba. A 2002 gwamnati ta ce Ingilishi zalla tun ajin farko, a 2007 aka dawo da harshen gida a ƙananan azuzuwa. A Oktoban 2025 ministan ilimi Haruna Iddrisu ya sake jaddada koyarwa da harshen uwa, wata guda bayan haka Najeriya ta soke irin wannan tsarin nata. Mu kuma a gida Nijar kundin 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harshen aiki, wanda na san shi ya sa ka fara wannan tunani. Sai dai cikin harsunan da Gana ta amince da su a makaranta, irin su Ga, Ewe, Dagbani da Fante, babu Hausa. Ɗiyata, 'yar Hausawa gaba da baya, harshen Ga ake koya mata a matsayin harshen gida. Ingilishinta kuwa ta hanyar sauti ake koya musu, ba haddar sunan baƙi ba. Jiya ta ɗauki kwalin shayi tana haɗa sauti ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa har kalmar ta fito, sannan ta dube ni ta ce Baba, ba haka ake faɗa ba. Shekararta shida.

To ka turo shi, amma da sharaɗi. Wata shida, ba uku ba. Za mu zauna aji ɗaya ni da shi kafin a biya ko sisi, kuma wata-wata za a biya. Sannan ka yi haƙuri, ba a gidana zai sauka ba. Akwai wani abokin cinikina Bafante a Dansoman da ke da ɗaki, gidan ba mai jin Hausa ko Faransanci. Ran Juma'a ya zo mu yi salla a babban masallacin Kanda, ya ci tuwo, ya koma. Ka shaida wa Inna da kanka, don na san za ta ce na ƙi ɗan ɗan'uwana. In zai taso a haɗo shi da kilishi da garin kuka.