Dolphins ta 1972 ko Patriots ta 2007: wacce ta fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace ƙungiya ce ta fi yin kaka mai kyau a ƙwallon Amurka, Miami Dolphins ta 1972 ko New England Patriots ta 2007, tunda duka biyun sun gama wasannin gasa ba a doke su ba. Amsar ta rabu gida biyu.

Dolphins ta koci Don Shula ta ci wasanni 14, ta zuba maki 385, aka zuba mata 171. Patriots ta koci Bill Belichick ta ci 16, ta zuba 589, aka zuba mata 274. Wato Miami tana tsere wa abokan karawa da kusan maki 15 a kowane wasa, New England kuwa da kusan 20. Jadawalin ma ba ɗaya ba ne. Cikin waɗanda Miami ta kara da su a gasa, biyu ne kacal suka gama kaka da nasara fiye da rashin nasara, Chiefs da Giants. Patriots kuwa ta bi Colts har gida ta doke ta 24 da 20, ta lallasa Cowboys 48 da 27. A nan Patriots ce gaba, ba tantama.

Bambancin da ya yanke hukunci yana cikin yadda kowacce ke kai hari. Miami da ƙafa take tafiya. Larry Csonka ya yi yadi 1,117 da gudu, Mercury Morris ya yi 1,000, karo na farko da 'yan wasa biyu na ƙungiya ɗaya suka kai dubu a kaka guda. Shi ya sa da mai jefa ƙwallonsu, Bob Griese, ya karye a ƙafa a wasa na biyar, tafiyar ba ta tsaya ba. Earl Morrall, mai shekara 38, ya karɓa ya ci gaba da miƙa wa masu gudu ƙwallo. A Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, inda suka ci Washington 14 da 7, Griese ya riga ya dawo, amma sau 11 kawai ya jefa ƙwallo.

Patriots da jifa take rayuwa. Mai jefa ƙwallonta, Tom Brady, ya jefa tocdawun 50 (tocdawun shi ne kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa a ci maki), Randy Moss ya cafe 23. Amma jifa mai nisa tana bukatar Brady ya samu 'yan daƙiƙu a tsaye kafin Moss ya kai inda za a same shi. Giants ta gano haka tun wasan ƙarshe na gasa, da Patriots ta sha da ƙyar 38 da 35. A Super Bowl na 3 ga Fabrairun 2008, 'yan layin gaban Giants, su Michael Strahan da Osi Umenyiora da Justin Tuck, suka riƙa fasa katangar da ke kare Brady ba tare da yawan neman ɗauki daga baya ba, sauran suka zauna suna gadin masu cafewa. Sau biyar aka kayar da Brady da ƙwallo a hannu. Ƙungiyar da ta saba zuba kusan maki 37 ta tashi da 14. Kowa na tuna David Tyree na Giants da ya danne ƙwallo a jikin hular kwanonsa, da tocdawun ɗin abokin wasansa Plaxico Burress saura daƙiƙa 35, amma ni a ganina tun a layin gaba aka ci wasan. Giants ta ci 17 da 14.

Kada ka haɗa alƙaluman jifa na zamanin biyu kai tsaye. A 1978 aka sauya dokoki, aka hana 'yan baya turereniya da mai cafewa bayan yadi biyar, aka kuma ƙara wasannin gasa daga 14 zuwa 16.

Miami ma ba a ruwan sanyi ta ɗauki kofin ba, domin wasanninta uku na sili-ɗaya-ƙwale duk da tazarar maki bakwai ko ƙasa ta ci su: 20 da 14, 21 da 17, 14 da 7. Idan ƙarfin ƙungiya kake tambaya, Patriots zan ba ka. Idan kaka ce, ta Dolphins ce, 17 ba ko ɗaya tare da kofi, ita kuwa Patriots ta tsaya a 18 da 1.