Wurin wankin mota a gefen Gumel inda ake auna sinadari da sirinji

A bakin titin da ya tashi daga Gumel zuwa Maigatari, kafin a bar gari sosai, akwai wani ɗan wurin wankin mota da bai wuce rumfar kwano ɗaya da inuwar darbejiya biyu ba. Sau uku na kai motata can tsakanin tsakiyar hunturu da farkon bazara, kuma abin da ya sa na ga ya dace in rubuta a kansa shi ne yadda mai wurin yake sirka sinadarin wanki kafin ya kusanci kujerun fata da shi, domin a nan ne mafi yawan masu wankin mota na karkara suke yi wa mutane ɓarna ba tare da sun sani ba.

Zuwana na farko dole ce ta sa. Muna dawowa daga kasuwar Maigatari ranar wata Alhamis yara suka kifar da gorar zoɓo a kujerar baya, ita kuwa fatar kujerun ruwan madara ce, saboda haka kafin mu iso gida jan ya bi ɗinki ya zauna. Na tsaya a wurin ina ɗar-ɗar, domin a bara wani mai wanki a wani garin ya kwaɓa garin sabulun wanki da ruwan bilic ya dirje mini kujerar direba da buroshin wanke taya, kuma har yau gefenta yana nan a koɗe, ya yi ƙaushi kamar busasshen ganye.

Mai wannan wurin, wanda matashi ne da ba zai wuce shekara talatin ba, bai fara da ruwa ba. Ya shigar da motar inuwa ya buɗe ƙofofi huɗu ya bar ta ta huce, sannan ya bi kujerun da buroshi mai laushi da busasshen tsumma yana fitar da ƙura daga cikin ɗinki. Dalilinsa mai kyau ne: ƙurar hunturu tana da ɓarɓashin yashi, idan aka jiƙa ta aka goga sai ta zama kamar takardar gogar katako a kan fenti. Zafi ma haka, domin a watan Afrilu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka nesa ba kusa ba, duk sinadarin da aka fesa a kan kujera mai zafi zai bushe kafin a goge shi ya bar shati.

Daga nan ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a ƙasan kujera ya tsaya yana kallo. Ruwan ya tsaya cur bai shige ba. Wannan ita ce alamar fata mai rufi, kuma haka kujerun mafi yawan motocin da muke hawa suke: fatar tana ƙasa, an shafa mata launi, an kuma bi ta da wani siririn rufi mai kama da roba. Wasu kujerun ma ba fata ba ce sam, roba ce da aka yi mata zanen fata. Abin da ake wankewa ke nan shi ne wannan rufin, kuma shi ne abin da sinadari mai ƙarfi yake fara ci. A nan ne mutanenmu suke ruɗewa, domin fatar da muka gada, wadda majema irin na Ƙofar Wambai a Kano suke jemewa da bagaruwa, tana shan mai ta yi laushi, shi ya sa wasu suke shafa wa kujerar mota man kaɗanya ko man gyaɗa da kyakkyawar niyya. A kan fata mai rufi man ba ya shiga, yana zama ne a sama ya yi danƙo ya tara ƙura, ya kuma ɓata farar riga ranar Juma'a.

Awon nasa shi ne abin da ya fi burge ni. Sinadarin da yake amfani da shi irin mai kaurin nan ne na wanke komai da komai da ake sayarwa a galan, kuma bai taɓa zuba shi da ka ba a gabana. Yana da sirinji mai cin mililita 10, sai ya fasa ledar fiya wata ɗaya mai mililita 500 a gorar feshi, sannan ya zuba sirinji biyu da rabi, wato mililita 25. Wannan kashi ɗaya ke nan na sinadari cikin kashi 20 na ruwa, kuma da shi yake fara taɓa fata. Ga shimfiɗar ƙafa ta roba da jikin ƙofa da suka yi dauɗa yana da wata gorar mai sirinji biyar a leda ɗaya, kashi ɗaya cikin 10. Ruwa yake fara zubawa kafin sinadari, don kada kumfa ta cika gorar ta ɓata awon ko kuma mai kaurin ya fantsamo masa a ido. Da na tambaye shi me ya hana shi amfani da ruwan burtsatsen da ke bayan rumfar, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan idan ya bushe farin gari yake bari a baƙin dashbod, na jiki da taya ne kawai."

Akwai ilimi a bayan wannan taka-tsantsan ɗin ko da shi bai kira shi da sunan boko ba. Ma'aunin pH yana tafiya daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsaka-tsaki, ƙasa da ita ɓangaren tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Fatar da aka jeme tana zaune ne a wajajen 5, garin sabulun wanki kuwa yana wajajen 10 ko sama, sinadaran wanke maiƙon inji kuma sukan kai 12 ko 13. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sirkawa da ruwa ninki goma ba ta sauko da wannan ma'auni fiye da mataki ɗaya ba, don haka akwai sinadaran da ko an tsinka su ba za su dace da kujera ba. Ruwan bilic, da fetur, da kananzir, da tina ta masu fenti duk suna cikin wannan sahu. Bilic kuma yana da wani haɗarin na daban, domin idan ya haɗu da sinadari mai tsami irin na wanke masai, ko mai amoniya, yakan fitar da iska mai guba, kuma cikin mota ɗaki ne ƙarami.

Da ya zo kan zoɓon, sai ya fara gwada haɗin a ɓoyayyen wuri ƙarƙashin kujera, ya duba farin tsumman ya tabbatar launin fatar bai biyo shi ba. A kan tsumma yake fesawa, ba a kan kujera ba, don kada ruwa ya bi ɗinki ya jiƙa soson ciki ya yi wari. Yana ɗaukar wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ya murza a hankali, ya bi da tsumma mai ruwa zalla, ya bi da busasshe. Sai da ya maimaita sau huɗu, kuma ko da na ƙosa na ce ya ƙara wa haɗin ƙarfi, bai yarda ba. Jan da ke kan fatar ya fita tas. Wanda ya shiga zaren ɗinki bai fita duka ba, kuma ya faɗa mini haka tun kafin ya gama, bai jira na gani da kaina ba. Sitiyari ma bai shafa masa man ƙyalli ba, abin da na yaba ƙwarai, domin sitiyari mai santsi a hannun mai gumi ba abin wasa ba ne.

Wurin ba ya rasa aibu, kuma ɗaya daga ciki babba ne. Ragowar haɗin da ya sirka yana ajiye shi ne a tsofaffin gorunan lemo marasa rubutu, a ƙasa kusa da bencin da masu jira suke zama, alhali almajirai da yaran unguwa suna kai-kawo a wurin duk yini, sinadarin kuma launinsa kore ne mai ɗaukar ido. Na yi masa magana a zuwana na biyu, a na uku na tarar ya ɗaure wa gorar mai ƙarfi jan ƙyalle a wuya, wanda ya taimake shi shi kaɗai, bai taimaki yaron da ƙishi ya koro ba. Ba ya sa safar hannu, kuma bayan yatsunsa duk ya tsattsage. Yaron da yake koya wa aiki bai kai shi kula ba tukuna, na gan shi ya ɗauki tsumman da aka goge shimfiɗar ƙafa da shi zai kai kan gilashin mita, sai da maigidan ya daka masa tsawa. Duk wanda zai je, ya tabbata mai wurin yana nan da kansa.

Kuɗinsa ya kusan ninka na wankin gama-gari, cikin motar kaɗai kuma ya ci fiye da awa ɗaya da rabi, saboda haka direban haya da ke sauri ya koma layi ba zai ji daɗinsa ba. Rumfar mota ɗaya take ɗauka, kuma ranar Alhamis motocin kasuwa sukan cika wurin tun hantsi. Ni da safiyar Talata nake zuwa, bayan an fito daga sallar asuba da kamar awa biyu, lokacin da kujerun suke da sanyi kuma inuwar darbejiyar ba ta gusa daga bakin rumfar ba.