Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Abuja: an sayar mini da jabun baƙin mai a naira 55,000

Assalamu alaikum. Kwana goma ke nan ina juya maganar nan a raina, domin kunya ta hana ni faɗa wa ko abokan aikina, amma tun da bakanikena ya kwance tukunyar ƙasan inji ya nuna mini abin da ke ciki, na ga cewa shirun ba zai amfani kowa ba sai mutumin da ya cuce ni.

Motata Honda CR-V ce ƙirar 2008, 'yar kwatano, shekara bakwai tana hannuna, kuma ta haura mil 170,000 ba a taɓa buɗe injinta ba. A kan murfin da ake zuba mata mai an rubuta 5W-20, wato lambar kaurin man da ya dace da injinta, tana shan lita 4.2 idan an haɗa da canjin filta, kuma ban taɓa barin juye ya wuce kilomita 5,000 ba, saboda ƙurar hunturu da cunkoson hanyar Kubwa da nake shiga safe da yamma. Ina faɗin wannan ne domin masu cewa sakaci ne ya ja mini. Ina da ɗan littafi a aljihun gaban mota inda nake rubuta ranar kowane juye da lambar tafiyar da motar ta yi.

Naira 55,000 na biya kuɗin galan mai lita 5 a wani shago, sai naira 6,000 na filta, jimla naira 61,000. Na san za a ce araha ba ta ado, to ina arahar take a nan? Inda na saba saye naira 62,000 suka ce mini a waya, kuma ranar ba su da 5W-20 ɗin ma. Ragin naira 7,000 a kan kayan da ya kai wannan kuɗi ba abin da zai sa mai hankali ya yi zargi ba ne. Da naira 25,000 mai shagon ya ce mini, wallahi da ban ko tsaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na yarda da shi. Na shiga shagon ina tambayar 5W-20, wani yaro a wurin ya ce tsohuwar mota ai sai 20W-50, sai mai shagon ya katse shi, ya ce, "Alhaji, kada ka saurare shi, injin nan siririn mai yake so, mai kauri ba ya isa sama da wuri idan ka tayar da safe." Maganar nan gaskiya ce, kuma ita ce na yi shekaru ina fama da makanikai a kanta, domin injin wannan mota da ƙarfin bugun mai yake sarrafa bawul-bawul ɗinsa, da shi kuma yake ɗaure sarƙar taimin. Da na ji ya faɗi haka sai na saki jiki. Ya ɗauko galan ya goge shi da tsumma, ya buɗe murfin a gabana ya nuna mini farar takardar da aka liƙe bakin da ita, ya sa yatsa ya danna. "Alhaji, wannan shi nake zuba wa motar mahaifina." Har yau ina ganin yatsan nan a kan takardar. Aka kira la'asar muka yi salla a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, sannan muka dawo na tura masa naira 61,000.

Sunan da ya fito a asusun bankin ba sunan da ke jikin allon shagon ba ne. Na lura, na tambaya, ya ce asusun ƙaninsa ne saboda nasa yana da matsalar sadarwa. Duk mai saye a garin nan ya san sau nawa ake jin haka kuma kaya su fito lafiya, shi ya sa ban ɗauke shi komai ba.

A Hawan Kibo jar fitilar mai ta kama, wadda take kama da buta, ina hanyar Jos da iyalina zuwa gaisuwar rasuwa. A'a, kafin nan ma akwai ƙarar da na fara ji da asuba, wani kaɗa-kaɗa na daƙiƙa biyu ko uku idan na tayar da mota, wajen mako biyu bayan juyen, ko uku. Na zaro geji na duba, man yana kan layinsa amma ya yi baƙi ƙirin, abin da ban saba gani ba sai an doshi lokacin juye. Na kira mai shagon a ranar, ko washegari, ya ce alamar mai mai kyau ke nan, yana wanke dattin inji. Na sake yarda, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun da mai na ƙwarai yana ɗauke da sinadaran wanki. Tafiyar Jos ta zo bayan wannan kiran, kuma mun wuce Keffi da Akwanga lafiya, sai da muka fara hawa fitilar ta soma ƙiftawa, na gangara gefe na kashe mota nan take, ga yara uku a baya ga magariba ta kawo kai. Jan motar zuwa Abuja kaɗai ya ci naira 90,000.

Bakanikena na Apo, wanda ya san motar tun ranar da na saye ta, shi ya kira ni ya ce, "Yallaɓai, ka zo ka gani da idonka." Ragar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta ta toshe da wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, ya sa sukundireba ya kankaro shi ya shafa mini a tafin hannu. Ya tambayi ragowar man, na kawo masa abin da ya rage a galan, ya ɗiga a kan farar takarda kusa da ɗigon mai na asali. Na asalin ya bazu garau kamar zuma, nawa kuwa ya bar baƙin zobe da ƙananan ɓurɓushi a tsakiya, yana warin ƙuna. Ya ce tsohon mai ne da aka juye daga wasu motoci aka tace aka gauraya, aka ɗura a galan na asali, irin waɗanda ake bi gareji-gareji ana saye bayan an zubar. Da muka ɗaga takardar bakin da kyau sai ga busasshen gam a zagayenta. Ita ce takardar da ya danna a gabana.

Kuɗin gyara naira 480,000 aka yanka mini, idan ba a tarar ƙarfen tsakiya ya ci ba. Man naira 55,000 ya jawo mini naira 480,000, ban da naira 90,000 na jan mota, ban da wulaƙancin da iyalina suka sha a bakin hanya. Na koma shagon sau biyu, na tarar da wani mutum daban wanda ya ce bai san shi ba, lambarsa kuma ta daina shiga tun ranar da na tura masa hoton ragar.

Ku sayi mai a gidan man kamfanin da ya yi shi ko wurin dillalinsa, ku tsaya a kan motarku har a gama juye, kuma ku huda galan ɗin kafin ku bar shi a gareji.

Rasidin tura kuɗin, da saƙonninmu na WhatsApp, da hoton takardar mai ɗigo biyu duk suna wayata, kuma zan sa su a nan da zarar na rufe lambobin asusu. Galan ɗin ma na adana shi da ragowar man a ciki, ranar Litinin insha Allahu zan kai shi SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, tare da takardar ƙorafi.