Gargaɗi ga makanikai: hattara da mai tallar sifanar zoben tankin mai a intanet

'Yan'uwana makanikai, da duk mai kwance wa motarsa famfon mai da hannunsa, don Allah ku tsaya ku karanta wannan. Akwai wani mutum da ke talla a shafukan sada zumunta, yana sayar da sifanar kwance zoben tankin mai, haɗe da wani ɗan sandan bugu da yake rantsuwa tagulla ne zalla, wai ba ya tartsatsi. Na saya, na gwada, kuma jabu ne gaba ɗaya. Da kuɗina kaɗai ya ci, da na bar shi da Allah na yi shiru. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kayan nan na iya ƙona mutum da ransa.

Ga wanda bai san aikin ba: yawancin motocin yanzu famfon mai a cikin tanki yake, a nutse cikin fetur, tare da ma'aunin da ke nuna yawan mai. Ana zura shi ta wani rami a saman tanki, a sa robar hana yoyo, sannan a danne shi da zobe. Wani zoben na roba ne, ana murɗa shi kamar murfin babbar kwalba. Wani na ƙarfe ne mai kunnuwa, ana juya shi kaɗan ya shige ƙarƙashin haƙoran tanki ya kulle. Idan ya shekara da shekaru a wurin, ƙura da tsatsa sun shiga, sai ya kafe kamar an yi masa walda. A nan ne da yawa daga cikinmu ke ɗauko sukundireba da guduma. Duk mun san ba daidai ba ne, ƙarfe na bugun ƙarfe a bakin tankin fetur.

Ruwan fetur ba shi ne babban abin tsoro ba, tururinsa ne. Ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da tururin da zai kama wuta. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya tafi, kwanciya yake yi a ƙasan mota da cikin ramin gareji. Idan ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin, ɗan tartsatsi guda ya ishe shi. Tsoron wannan ne ya sa na tashi neman sifana ta ainihi, kuma da wannan tsoron ne mutumin ya kama ni.

Tallar tasa bidiyo ce mai kyau. Hannu ya ɗora sifana mai ƙafa uku a kan zobe, ya ja sau ɗaya, zobe ya saki. A ƙasa an rubuta wai tana kwance zoben kowace irin mota a duniya. Na yi masa magana, ya amsa nan take da zaƙin baki. "Yallaɓai, saura uku kacal, in ka bari gobe ba ka samu." Ya ce sai an biya kafin a turo. Da na ga sunan asusun ya bambanta da sunan shafin, na tambaye shi, ya ce na ƙanensa ne, nasa na da matsala. Na tura.

Kayan suka iso a kwali marar suna. Babu sunan kamfani, babu lambar kaya, babu takardar da ta faɗi girman zoben da sifanar ke kamawa. Ƙafafun sirara ne, ramin da ake sa sandan ja mai rabin inci kuma yana lilo. Raina bai kwanta ba, amma ga mota a gabana tana jira.

Aikin ma ƙarami ne. Motar wani bawan Allah ce da ke warin fetur duk lokacin da ya cika tanki, robar ƙarƙashin zobe ce ta mutu, famfon lafiyarsa ƙalau. Na bi ƙa'ida: na cire fiyus ɗin famfo, na tada injin har ya mutu da kansa don matsin mai ya sauka, domin a motoci da yawa matsin cikin tiyo kan kai 40 zuwa 60 a ma'aunin matsi na PSI. Na cire kan batir na nagetif, na ɗaga kujerar baya, na buɗe murfi, na share ƙurar wurin da buroshi. Na daidaita ƙafafun uku a kan haƙarƙarin zoben roba, yarona ya danne tsakiya, na ja a hankali. Ban ma sa rabin ƙarfina ba, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe kamar cokali, sifanar ta zame, ta kwashe haƙarƙari biyu na zoben, ta daki ɗan bakin robar da tiyon mai ke shiga. Ƙas! Ya karye daga tushe. Wannan bakin a jikin murfin famfo yake, ba a sayar da shi shi kaɗai. Haka na sayi famfo sukutum da sabon zobe daga aljihuna, na ba mai mota haƙuri ya ƙara kwana biyu ba mota.

Har nan ina ɗauka araha ce kawai ba ta ado. Ashe ban ga komai ba.

Da yamma yarona na tattara kaya, yana bin ƙananan notoci da sandan maganaɗisu, sai na ji ya ce, "Maigida, zo ka gani." Na je na tarar sandan bugun nan mai ruwan zinariya ya manne a jikin maganaɗisu yana reto. Tagulla ba ta bin maganaɗisu. Na ɗauko zarto na goga gefensa sau uku, launin ya kankare, ga baƙin ƙarfe a ƙasa. Na fita da shi can nesa da motoci, na kanga shi a injin wasa ƙarfe, tartsatsi ya yi ta feshi. Fenti kawai aka shafa masa. Na daɗe a tsaye ina kallon yaron nan, domin a satin akwai wata motar ɗaukar kaya mai zoben ƙarfe da na yi niyyar ba shi ya buga da wannan sandan, kansa a sunkuye a bakin tanki, yana da tabbacin maigidansa ya ba shi abin da ba ya kawo wuta.

Na tura wa mutumin hotuna. Da fari ya ce ni ne ban iya amfani da kayan ba. Da na tura masa hoton sandan a manne da maganaɗisu, sai ya sauya murya, ya ce kuskure ne daga wurin ɗaurin kaya, in turo kuɗin aike ya canza mini. Na ce ya fara maido da kuɗina. Daga nan ya toshe lambata, shafin ya yi ɓatan dabo. Bayan 'yan kwanaki sai ga bidiyon nan dai ya sake bayyana da sabon suna da sabuwar lamba. Na kalle shi da kyau a wannan karon: akwai inda aka dusashe hoton daidai jikin sifanar, wurin da sunan kamfanin asali yake. Bidiyon kayan wasu ya sata, abin da yake turowa daban. Duk wanda ya rubuta ƙorafi a ƙarƙashin tallar, kafin ka waiwaya an goge.

Maganar wai sifana ɗaya na kwance zoben kowace mota ƙarya ce tun daga tushe. Masu ƙera kayan gaskiya ba sa faɗin haka. Kamfanin Lisle na da sifana mai lamba 63000, kamfanin OTC na da mai lamba 6599, kuma kowanne ya bayyana irin zoben da kayansa ke kamawa. Kamfanin motoci na General Motors ma sifana ta musamman ya tanada wa zoben ƙarfen motocinsa da yawa, mai lamba J 45722. Littafin gyaransa har cewa ya yi a ɗora zoben da aka cire a kan shafaffen wuri a auna, idan ya karkace fiye da milimita 0.41 a sa sabo. Ku dubi ƙanƙantar wannan awo, sannan ku tuna yadda zobe ke fita bayan an sha bugunsa da guduma ko an ja shi da sifana mai zamewa. Zoben da bai zauna daidai ba, shi ke kawo warin mai a cikin mota, ya kunna fitilar gargaɗin inji a dashbod, ka sa kwamfuta ta nuna maka lambar matsala P0442 ko P0455 ko P0456, duk alamar tururi na tserewa ne. Robar ƙarƙashinsa kuwa, in dai an buɗe, sabuwa ake sawa.

Kafin ku biya kowa, ku nemi ya ɗauko kayan a hannunsa ya nuna muku a kiran bidiyo, ku ga suna da lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Ku auna faɗin zobenku, ku tambaye shi daga inci nawa zuwa nawa sifanar ke buɗewa. Mai gaskiya zai amsa, wannan mutumin kuwa kewaye-kewaye zai yi ta yi yana cewa saura uku. Kuma ko tagullar gaske ce a hannunku, a buɗaɗɗen wuri ake wannan aiki, ba sigari, ba fitila mai zafi, da tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Wanda ya riga ya saya, don girman Allah ya sa wa sandan maganaɗisu yau ɗin nan, kafin wani yaro ya ɗauka. Idan ya manne, a fitar da shi daga akwatin kaya gaba ɗaya. Ni na ajiye nawa da sifanar da ta lanƙwashe da shaidar biyan kuɗi da hotunan hirarmu, na kai ƙara banki, na kuma kai rahoton sabon shafin. Har zuwa daren jiya tallar na nan tana yawo, kuma na ga mutum biyu a ƙarƙashinta suna tambayar yadda za su tura kuɗi.