Stihl MS 250 mai takobi inci 16: abin da na gani bayan shekara biyu a lambu

Muna da lambun mangwaro a gefen Dadin Kowa, zagaye da darbejiya wadda mahaifinmu ya dasa domin kare iska, kuma duk rani sai mun yi sassabe, mun rage rassan da suka bushe, mun daddatsa waɗanda guguwar farkon damina ta karya. Domin wannan aiki na sayi injin yanka itace ƙirar Stihl MS 250, na kamfanin Jamus da Andreas Stihl ya kafa a 1926. Dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, wanda a lambunmu muke kira takobi, shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina wajen zaɓe, saboda a kansa na taɓa yin asara.

Injina na farko marar suna ne, na saye shi a cikin garin Gombe don kawai na ga takobinsa ya kai inci 22. Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, wannan ko kuka ce zai kayar." Ranar da muka sa shi a gindin wata busasshiyar kirya, sai sarƙa ta riƙa tsayawa a tsakiyar itace, injin yana nishi yana hayaƙi, garin da ke fita kuma laushi kamar ƙura maimakon ɓarɓashi. A nan na gane cewa duk inci ɗaya da aka ƙara wa takobi, ƙarin haƙora ne da injin zai ja a cikin itace, kuma idan ƙarfinsa bai kai ba, tsawon ya zama kaya.

MS 250 yana da girman inji sisi 45.4 (wato cc, ma'aunin girman cikin inji), nauyinsa kilo 4.6 kafin a ɗaura takobi a zuba mai. Yana ɗaukar inci 16 ko 18, amma na zaɓi 16, wato santimita 40, bayan na ɗauki igiya na zagaya gindin bishiyoyin da na fi yanka, na raba tsawon igiyar gida uku domin in san kaurinsu. Yawancinsu ba su wuce inci 12 zuwa 14 ba. Ko an ci karo da mai kauri ma, ana iya yanka ta wannan gefe a koma ɗaya gefen, don haka takobi inci 16 yana gamawa da gungumen da ya kusa ninka tsawonsa, in dai ba kullum ake sa shi wannan wahala ba.

A reshen mangwaro da darbejiya aikinsa yana burge ni ƙwarai. Sarƙa tana shiga ba tare da an danna ba, ɓarɓashi yana zubowa manya-manya, kuma ƙanena da ke riƙe shi daga hantsi zuwa azahar ba ya kukan kafaɗa kamar da. Gajeren takobi ya fi sauƙin sarrafawa a tsakanin rassa masu cunkoso, inda hatsari mafi muni yake: idan saman bakin takobi ya taɓa itace, injin yakan yi tsalle ya dawo wajen fuskar mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido. Yana da birkin sarƙa domin irin wannan, duk da haka na hana kowa ɗaga shi sama da kafaɗa ko hawa tsani da shi.

Ba injin masu fasa katako ba ne, kuma ba don haka aka ƙera shi ba. Wanda sana'arsa ta haɗa shi da manyan gumagumai na maɗaci ko ɗorawa, bayan ya samu izinin hukumar gandun daji, gara ya nemi mai sisi 70 zuwa sama irin Stihl MS 382, ko kuma Stihl 070 mai sisi fiye da 100 wanda ake ɗaura wa takobi inci 36. Sai dai 070 ya haura kilo 10, kuma sayensa domin sassaben mangwaro wahalar da kai ne.

Kulawarsa ba ta da yawa, amma ba ta son sakaci. Muna haɗa fetur lita 5 da man inji mai bugu biyu mililita 100, wato 50 da 1. Ba ma zuba baƙin mai a tankin man sarƙa, ko da yake na ga masu yin haka. Lokacin hunturu ƙura takan toshe matatar iska da wuri, yashin da ke maƙale a ɓawon itace kuma yana dakushe haƙora, shi ya sa muke wasa sarƙa da zagayayyen magagari mai milimita 4.8 kusan duk bayan cika tanki biyu. A kasuwa akwai jabu masu launin ruwan lemo iri ɗaya, don haka kafin na biya sai da na duba lambar da aka buga a jikin injin, na kuma karɓi rasit mai ɗauke da ita.