Shinkafar Injin Kebbi: Yadda Na Same Ta a Tukunya, da Abin da Ya Rage na Rancen Manoma

Wata uku ke nan gidana yana cin shinkafar wani injin casa da ke cikin jihar nan, wadda nake saye buhu-buhu, mai kilo 25, a wani shago na babbar kasuwar Birnin Kebbi. Mun ci buhu uku kafin na yanke shawarar yin wannan rubutu, domin buhu ɗaya bai isa a yi wa kaya hukunci ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, saboda akwai abin da zan yaba, akwai kuma wanda zan kushe.

Abu na farko da uwargidana ta lura da shi shi ne ta daina regaya. Duk wanda ya tashi a Kebbi ya san wahalar da mata suka sha da shinkafar da ake kira 'yar Hausa, wadda sai an zauna da ƙwarya biyu an rege ta, a tsince tsakuwa da ƙaiƙayi, amma duk da haka maigida ya tauna dutse a tsakiyar cin abinci. Wannan kuwa wanki biyu ya ishe ta, kuma a buhu ukun nan ba mu ci karo da tsakuwa ko ɗaya ba. Turararriya ce, ƙwayarta doguwa, launinta ya ɗan yi ruwan zuma, ba fari fat ba kamar 'yar waje. Tana da auki ƙwarai, domin kwano ɗaya yana ciyar da mu tara har a rage na yara da safe, kuma idan aka yi dafa-duka tana fita warawara, ba ta caɓewa muddin ba a cika mata ruwa ba. Tana da ɗanɗanon sabuwar shinkafa, wanda ba a samu a wadda ta shekara a jirgin ruwa da rumbunan Kwatano. Ba ta dace da tuwo ba, wannan aikin ɗanyar shinkafa ne, kuma ban ɗauke shi aibi ba.

Irin wannan buhu ba haka kawai ya zo kasuwa ba. Daga tsakiyar 2014 farashin ɗanyen mai ya faɗi daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, tattalin arzikin ƙasa ya karye, dala ta yi wuya, Babban Banki kuma ya hana masu shigo da shinkafa canjin gwamnati tun a watan Yunin 2015. A ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, inda ake ba ƙaramin manomi iri da taki da injin ban ruwa a matsayin rance mai ruwa kashi 9 cikin ɗari, ya biya da shanshera idan ya girbe. Fadamun Argungu da Augie da Suru da Bunza suka cika da noman rani. A ƙarshen 2016 Legas da Kebbi suka fito da shinkafar haɗin gwiwarsu mai suna Lake Rice a kan naira 12,000 buhu mai kilo 50, a 2017 kuma aka buɗe katafaren injin casa na Argungu. Gasar da ta biyo baya ce ta tilasta wa har ƙananan masu casa sayen na'urar fitar da tsakuwa, kuma a ganina wannan shi ne babban gadon da shirin ya bari.

Sai dai buhu na biyu bai kai na farko ba. Karyayyar ƙwaya ta yi yawa a ƙasansa, kuma da aka kwance bakinsa ya ɗan yi warin danshi, alamar ba a bar ta ta bushe sosai ba kafin a ɗinke. Na duba ko'ina a jikin buhun ban ga ranar da aka casa ta ba. Da na yi wa Alhajin shagon ƙorafi ya karɓe ni da mutunci, ya ce idan shanshera ta yi ƙaranci injin yakan haɗa ta manoma daban-daban, kuma ya rage mini wani abu a buhu na uku, wanda ya fito da kyau.

Maganar ƙarancin shanshera ita ta fi damuna, domin kawuna yana noma a fadamar Augie, kuma na san halin da yake ciki. Ambaliyar 2020 ta cinye masa gona gaba ɗaya. Ya biya bashinsa daga baya da ƙyar, alhali da yawa sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na gwamnati ba su biya ba, har sabon shugabancin Babban Banki ya dakatar da irin wannan rance a ƙarshen 2023. A shekarar ce aka cire tallafin fetur, ban ruwa da injin ya zama abin da sai mai ƙarfi, sannan a 2024 aka buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji na kwana 150. Mu masu saye mun ji sauƙi daga baya, ba zan ɓoye ba, amma manomi ya sayi taki da tsada ya sayar da amfaninsa da araha.

Amurka ta shiga irin wannan hali, mafi muni ma, bayan karyewar tattalin arzikinta a 1929. Ayyukan agajin da Shugaba Roosevelt ya ƙirƙiro daga 1933 don ba marasa aiki abin yi an rufe manyansu zuwa 1943, amma hukumar da ke tallafa wa farashin amfanin gona tana nan har yau, haka ma ƙungiyoyin lantarki na karkara da suka faro daga 1935, lokacin da gona ɗaya cikin goma ce kawai take da wuta, kafin a kai kusan tara cikin goma a farkon shekarun 1950. Mu an bar mana injinan casa, amma ba a bar wa manomi wutar ban ruwa ko farashin da zai dogara da shi ba, injin kuwa ba ya casa abin da ba a noma ba.

Zan ci gaba da sayen wannan shinkafa, kuma ina ba duk mai iyali shawarar ya gwada ta, da sharaɗin ya sa a kwance masa bakin buhu a shago, ya zura hannu har ƙasa ya ɗebo, ya duba karaya ya kuma shinshina. Ina roƙon kamfanin ya riƙa buga ranar casa a jikin buhu, ya kuma ware karyayya ya sayar da ita daban ga masu buƙata. Kawu dai ya gaya mini bana rabin gonarsa kawai zai yi wa noman rani, sauran rabin zai zuba albasa.