Sharhi: Ganin likita a asibitin koyarwa da ɗalibai a cikin ɗaki

Duk wanda ya tambaye ni ko ya kai kansa asibitin koyarwa, zan ce masa ya je, amma ya tafi da sanin cewa ba shi da likita kaɗai za su zauna ba. Ni kumburin wuya ne ya kai ni, wato maƙoƙo, bayan an turo ni daga ƙaramin asibitin unguwarmu. Zancen yankar kati da zaman layi ba sai na tsawaita ba, kowa ya san sai da sammako da haƙuri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗaliban likitanci.

Kafin a kira ni wurin babban likita, wata ɗaliba ta zo ta durƙusa kusa da bencin da nake, ta gaishe ni, ta ce, "Hajiya, ni ɗaliba ce, ina shekara ta biyar. In kin yarda zan yi miki tambayoyi kafin ki shiga." Na yarda. Wallahi tun da nake zuwa asibiti ba a taɓa sauraro na kamar yadda yarinyar nan ta yi ba. Ta tambayi yaushe kumburin ya fara, ko ina yawan gumi, ko gabana na faɗuwa, ko na rame alhali ina cin abinci, ko a danginmu akwai mai irinsa. Ta sa na miƙe hannuwana, ta ɗora takarda a kai don ta ga ko suna rawa. Sannan ta nemi izini, ta ja labule, na sassauta hijabi, ta tsaya ta bayana ta ɗora yatsunta a wuyana, ta ba ni ruwa ta ce in kurɓa in riƙe, sai ta ce in haɗiye. Ta bayyana mini cewa maƙoƙo yana motsawa sama idan an haɗiye abu, da haka ake bambanta shi da wasu kumburin. Likitan da majinyata suka yi wa yawa ba shi da wannan lokacin, ita kuwa tana da shi.

Da na shiga ɗakin babban likita abin ya sauya. Ɗalibai sun cika ɗakin, maza da mata, kowa da farar riga da ɗan littafi. Babu wanda ya ce mini su wane ne, babu wanda ya tambayi ko na amince. Likita ya ce in buɗe wuyana, ya duba, sannan ya juya ya ci gaba da yi musu bayani da Turanci, ya kira samari biyu su taɓa. Kunya ta rufe ni, bakina ya yi nauyi. Likitan ƙwararre ne, gwajin jinin da ya rubuta da hoton wuyan da aka ɗauka su suka gano matsalar, maganin kuma ya karɓe ni, alhamdulillahi. Amma raina ya sosu, domin a kaina ake magana, ni kuma ba a yi da ni.

A wurin jira na ji ra'ayin mata kala-kala. Wata dattijuwa ta ce ita ba komai, jikokinta ne, in ba a koya a jikinmu ba a jikin wa za a koya. Wata matashiya mai ciki kuwa ta ce ita ɗalibi namiji ba zai taɓa ta ba, ko da za ta koma gida ba a duba ta ba. Ina ganin dukansu suna da gaskiya. Karatun likita a Najeriya shekara shida ne, kusan rabinsa a gefen gadon majinyaci ake yin sa, sannan a ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki. Mu da muke kukan ƙarancin likitoci mata a Arewa, idan muka juya wa ɗalibai baya, kanmu muka cuta. Sai dai larurar da ta halatta wa likita ya ga jikin mace ba ita ce ta halatta wa taron mutane ba, wannan sai da yardarta.

Neman yardar kuma ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake fahimta, ta kuma ba shi damar ƙin abin da bai so ba. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 shi ma ya ambaci sirri da mutunta mutum. Yawancinmu ba mu san da su ba, shi ya sa muke yin shiru, muna tsoron kada mu ce a'a likita ya yi fushi ya ƙi kula mu.

Ta fuskar ƙwarewa da gano cuta, na yaba wa asibitin ƙwarai, kuma zan ci gaba da zuwa. Ta fuskar neman izini, da sauran gyara, kuma manyan likitocin ne ya kamata su fara, tunda abin da ɗalibi ya ga malaminsa na yi shi zai ɗauka. Ke 'yar'uwa, in za ki je, ki gaya wa nas tun daga ƙofa cewa kin fi son ɗalibai mata, ko a rage yawansu, ko a ja labule. Da na koma ganin likita haka na yi, aka bar mini ɗalibai mata biyu kawai, kuma ba wanda ya ɓata rai.